Yadda ake gano kuskuren girman lamba idan hoto ya lalace a allo

Allon lokutan salla ne na wani masallacin unguwa a Agege. Ƙaramin allo mai launi, fiksil (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto) 320 a kwance da 240 a tsaye, an haɗa shi da 'yar ƙaramar kwamfutar da ake kira Arduino Uno, duka biyun daga Computer Village ta Ikeja aka sayo su. Yaron da ke koyon aiki a hannuna shi na bar wa rubuta firogiram ɗin. Aikin farko bai da wahala: a shafe allon gaba ɗaya da kore, sannan a jera Asuba, Azahar, La'asar, Magariba da Isha'i a kai. Da ya kunna, sai ga wani siririn zane kore a sama, kamar mai fenti ya ja buroshi sau ɗaya aka kira shi waya, sauran allon kuwa ko gezau.

"Oga, allon nan jabu ne. Gobe da sassafe zan shiga mota in mayar musu."

Na ce, "Kafin ka je ka sha cunkoson Ikeja a banza, ƙirga mini layukan da suka yi kore."

Ya kai hancinsa jikin gilashin, ya ƙirga da tsinken ashana. Layi 35 ne da ɗan ɗoriya. Na jawo kwalin da allon ya zo a ciki na yi lissafi a bayansa. Fiksil 320 sau 240 ya ba da 76,800. A cire 65,536, wato adadin lambobin da mazubin lamba na Uno ke iya riƙewa, saura 11,264. A raba 11,264 gida 320, a sami layi 35 da fiksil 64. Allo lafiyarsa ƙalau. Lambar 76,800 ce ta fi ƙarfin mazubin da aka zuba ta, ta tumbatsa, ragowar kawai ta tsira.

Duk wanda ke rubuta launi kai tsaye cikin memori zai gamu da wannan, ko a ƙaramin allon POS, ko fitilun tallar shago, ko wasan kwamfuta. Ga yadda nake bin sawunsa.

Abin da ya kamata ka riƙe a ka tukuna

Kwamfuta ba ta ajiye lamba a sarari. Kowace lamba tana da mazubi mai ƙayyadadden girma, kamar yadda 'yan hatsi a Mile 12 ke da gwangwani da mudu da buhu. Bambancin shi ne idan mudu ya cika, za ka ga hatsi na zuba ƙasa. Mazubin kwamfuta kuwa idan ya cika, komawa sifili yake yi ya ci gaba da ƙirga, tamkar mitar tafiya ta tsohuwar danfo da ta kai 99,999 ta juya 00,000, direba kuma bai ce uffan ba.

Da bit ake auna mazubi, wato gurbi ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1. Mazubi mai bit 8, wato bayit ɗaya, yana ɗaukar 0 zuwa 255. Mai bit 16 yana ɗaukar 0 zuwa 65,535. Mai bit 32 yana kaiwa 4,294,967,295. Wannan idan marar alama ne, wato ba ya sauka ƙasa da sifili. Mai alama kuwa yana sadaukar da rabin wurinsa ga lambobin ƙasa da sifili, saboda haka bit 8 ya tsaya a 127, bit 16 ya tsaya a 32,767, bit 32 ya tsaya a 2,147,483,647. Haddace waɗannan shida kamar lambar wayarka. Yawancin aikin da ke gaba, neman ɗayansu ne a ɓoye cikin ɓarnar da kake kallo.

Mataki na farko: karanta ɓarnar kafin ka taɓa kod

Abin da masu koyo ke yi shi ne su ruga su fara canza abubuwa, a sa wannan a cire wancan, har a manta yadda matsalar ta fara. Dakata. Ɗauki hoton allon da wayarka, ka zauna ka dube shi, domin kowane irin kuskure yana da kamanninsa.

Idan sama ta yi daidai, sai zane ya yanke a wani layi, ko ya koma sama yana taka abin da aka riga aka zana, lissafin adireshi, wato lambar wurin fiksil a memori, shi ne ya tumbatsa. Idan siffar hoton tana nan daram amma wuraren da ya kamata su fi haske sun yi baƙi ƙirin, ƙimar launi ce ta wuce 255. Idan hoton ya karkace ya bi gicciye kamar tabarmar da aka ja ta kusurwa ɗaya, tsawon layi ne ba ka lissafa daidai ba. Idan akwai ratsin baƙi tsakanin kowane fiksil da na kusa da shi, kana rubuta bayit fiye da kima a kowane taku. Idan ja ya koma shuɗi, jerin bayit ne ya juya. Idan kuma na'urar ta sandare ba ta gaba ba ta baya, duba mazubin da ke ƙirga zagaye, wato maimaicin aiki a kod: `uint8_t x` ba zai taɓa kai 320 ba, daga 255 sifili yake komawa, ya yi ta kewaya har a ɗauke wuta.

Sannan ka auna. A wane layi ya yanke? A wane fiksil? Ninka layin da faɗin allo, ka ƙara fiksil ɗin, ka ga ko amsar ta faɗa kusa da 256, 32,768 ko 65,536, ko kuma ragowar abin da aka cire ɗayansu. Idan ta faɗa, ka kama ɓarawo tun ba ka buɗe kwamfuta ba.

Mataki na biyu: tambayi na'urar girman mazubanta

Kar ka yarda da abin da kake tsammani game da `int`, mazubin lamba na yau da kullum a harshen C. Harshen C bai yanke masa girma ɗaya ba, ya dai ce kada ya gaza bit 16. A Arduino Uno da Nano masu ƙwaƙwalwar ATmega328P, bit 16 ne. A ESP32, Raspberry Pi da kwamfutar tafi-da-gidanka, bit 32 ne. Shi ya sa kod ɗin da ka kwafo daga intanet yake aiki a wurin mai shi, ya ƙi a wurinka. `long` ya ma fi yaudara: a Windows bit 32 ne ko da na'urar mai bit 64 ce, amma a Linux da macOS masu bit 64, bit 64 ne cif.

Sa firogiram ya buga maka `sizeof(int)`, `sizeof(long)` da girman mazubin fiksil ɗinka. Layi uku ne, minti ɗaya. Daga nan kuma, duk inda lamba za ta taɓa memorin hoto, ka bar `int` da `long`, ka koma ga sunayen da ke faɗin girmansu da bakinsu: `uint8_t`, `uint16_t`, `uint32_t`. Suna cikin `stdint.h` tun ƙa'idar C ta 1999, ba sabon abu ba ne. Ga girman rumbu (yankin memorin da aka ware wa hoto) da adireshi a manyan kwamfutoci, `size_t`.

Mataki na uku: lissafin adireshi, inda gizo ke saƙa

Memorin hoto dogon layi ɗaya ne. Domin ka sami wurin fiksil, sai ka ninka lambar layi da faɗin allo, ka ƙara matsayinsa a layin: `y * fadi + x`. Dubi yadda kowanne cikin ukun yake ƙarami. 200 ba komai ba ne, 320 ma haka. Ninkawar ce ke haifar da ƙato.

Tsofaffin hannu sun san wannan tun zamanin DOS. Katin VGA da IBM ya fitar a 1987 yana da yanayin da ake kira 13h: fiksil 320 sau 200, launi 256, kowane fiksil bayit ɗaya, jimilla bayit 64,000 da ke farawa daga adireshin A000. A QBasic, wanda har yau wasu ke koyon firogiram da shi ta DOSBox, sai ka rubuta `SCREEN 13`, ka sa `DEF SEG = &HA000`, ka riƙa zuba launi da `POKE`. Idan ka ayyana mazubanka a matsayin INTEGER don neman sauri, komai zai tafi lafiya har layi na 102. Layi 102 sau 320 ya ba da 32,640. Ƙara 127 ka kai 32,767, bakin iyaka. Fiksil na 128 a wannan layin, firogiram ya tsaya cak ya rubuta Overflow. Rabin allo an zana, rabi babu. Maganinsa alama ɗaya ce: `y * 320& + x`. Wannan `&` ɗin na mayar da 320 ta zama LONG mai bit 32, ita kuma ta ja duk lissafin ya bi ta. A ganina QBasic ya fi C mutunci a nan, domin shi aƙalla yana ihu. C shiru yake yi ya miƙa maka lambar banza.

Yanzu koma ga allon masallaci. Ga abin da yaron ya rubuta:

`for (uint32_t i = 0; i < 320 * 240; i++)`

Da na nuna masa layin, ya ce, "Amma Oga, ai na sa `uint32_t`, babban mazubi ne." Gaskiyarsa, `i` babba ne. Sai dai kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa harshen na'ura, ba ta duba inda amsa za ta sauka kafin ta yi lissafi. Tana duba abubuwan da ake ninkawa ne kawai. 320 `int` ce, 240 `int` ce, saboda haka a mazubin bit 16 aka ninka su, aka sami 11,264, sannan aka kwatanta da `i`. Ka auna shinkafa da gwangwani, ta zube ƙasa, sannan ka juye abin da ya rage cikin buhu: girman buhun bai dawo maka da komai ba.

Wannan shi ne abin da ya fi kayar da mutane, don haka bari in nanata da misali biyu masu kama da juna kamar tagwaye:

`uint32_t wuri = (uint32_t)(y * 320) + x;`

`uint32_t wuri = (uint32_t)y * 320 + x;`

Na farko ihu ne bayan hari, an riga an ninka a ƙaramin mazubi kafin a sauya nau'i. Na biyu shi ne daidai, an faɗaɗa `y` tukuna, ninkawar ta gudana a fili mai faɗi. Ga tsayayyun lambobi kuwa, liƙa musu `UL`: `320UL * 240`. Haruffa biyun nan yaron ya ƙara, allo ya yi kore shar daga sama har ƙasa, kuɗin mota ya huta.

Kar mai babbar kwamfuta ya ɗauka ya tsira. Hoto ɗaya na 4K, wato 3840 sau 2160, kowane fiksil bayit 4, yana cin bayit 33,177,600. Wannan ya shiga `int` mai bit 32 ba matsala. Amma ka ce za ka tara hotunan bidiyo 65 a rumbu ɗaya, jimillar ta haura 2,147,483,647, lambar ta juya ƙasa da sifili. Wanda ya fi muni shi ne idan ta zagayo ta zama ƙaramar lamba mai kama da ta gaskiya: `malloc`, mai ware maka memori, ya ba ka ɗan ƙaramin wuri ba musu, kai kuma ka yi ta rubutu a gonar maƙwabci. Fara ninkawar da `(size_t)fadi`, kuma idan girman hoton daga fayil ɗin wani ya fito, ka bincika shi kafin ka ninka.

Mataki na huɗu: ƙimar launin kanta

Wani mai ɗaukar hoton biki a Idi-Araba ya taɓa kawo mini ɗan firogiram na Python da aka rubuta masa don ƙara wa hotuna haske a tare, ɗari-ɗari. Fuskoki sun yi kyau, amma farar shaddar ango ta fito da dabbare-dabbaren baƙi kamar an watsa mata bakin mai. Kowane launi, ja ko kore ko shuɗi, bayit ɗaya ne. Inda shaddar take 200, an ƙara 100, ya kamata a sami 300. Bayit ba ya ɗaukar 300. A cire 256, saura 44, wato kusan baƙi. Ragewa ma haka take: 10 a cire 20 ya koma 246, inuwa ta zama fitila.

Gyaran iri ɗaya ne a ko'ina: yi lissafin a babban mazubi, datse amsar tsakanin 0 da 255, sannan ka zuba a bayit. Abin da ya bambanta shi ne halin kowane harshe idan ka yi sakaci. NumPy, laburaren lissafi na Python, da `uint8` zagayowa yake yi shiru idan ka haɗa jeri da jeri, don haka sai ka mayar da shi `int16`, ka yi `clip`, ka dawo. `cv2.add` na OpenCV yana datsewa da kansa. `bytearray` na Python ba ya karɓar 300 sam, zai jefo maka ValueError, `struct.pack` ma ƙi yake yi. A JavaScript, `Uint8Array` zai mayar da 300 ta zama 44, amma `Uint8ClampedArray`, wanda shi ne hoton canvas ke amfani da shi, zai tsayar da ita a 255.

Akwai tarkuna uku a C da nake dubawa kullum.

Na ɗaya, `memset`, mai cika memori da ƙima ɗaya. Launin RGB565 bit 16 ne: 5 na ja, 6 na kore, 5 na shuɗi. Ja zalla shi ne 0xF800. Mutum zai rubuta `memset(rumbu, 0xF800, girma)` yana jiran ja, ya ga baƙi. `memset` bayit ɗaya tak yake ɗauka daga lambar da ka ba shi, na ƙasa, wanda a nan 0x00 ne. Abin da ke rufe wa mutane ido shi ne fari da baƙi suna aiki lafiya, tunda bayit biyunsu iri ɗaya ne. Ga sauran launuka, sai zagaye da manuni (mazubin da ke riƙe adireshin memori) na `uint16_t`.

Na biyu, tura bit hagu. Masu haɗa fitilun LED na allon talla suna dunƙule launi uku a lamba ɗaya: `r << 16 | g << 8 | b`. A Uno, `r` na zama `int` mai bit 16, ka tura shi gurbi 16, ya faɗa rami. Kore da shuɗi su fito, ja ya ɓace. Rubuta `(uint32_t)r << 16`. A babbar kwamfuta irin wannan na faruwa da `a << 24` idan `a` ya kai 128, domin ya taɓa bit ɗin alama. A JavaScript `255 << 24` na ba da -16777216, sai ka bi shi da `>>> 0`. Haka gauraya launi biyu: 255 sau 255 ya ba da 65,025, ya shiga `uint16_t`, amma ya fi ƙarfin `int` na Uno.

Na uku ya fi wayo. `char` kawai, ba tare da ka ce mai alama ko marar alama ba, a kwamfutocin Intel da AMD mai alama ne, a Linux na ARM kamar Raspberry Pi marar alama ne. Ka karanto shuɗi 200 cikin `char` mai alama, ya zama -56. Da aka faɗaɗa shi zuwa bit 32 sai ya zama 0xFFFFFFC8, duk saman ya cika da ɗaya-ɗaya. Ka haɗa shi da ja da kore, ya shafe su, sararin sama mai shuɗi ya koma fari mai ɗan rawaya. Alamarsa: wurare masu duhu lafiya lau, duk inda launi ya haura 127 ya haukace. Bayanan hoto ba su da abin yi da `char`, `uint8_t` ne nasu.

Mataki na biyar: bayit nawa kake rubutawa a kowane taku

Manuni a C ba bayit yake ƙirgawa ba, girman nau'insa yake takawa. `uint8_t *p` idan ka ƙara masa 1 ya matsa bayit 1, `uint32_t *p` ya matsa 4. Tsohon kod da aka rubuta a Windows da `unsigned long *` don fiksil mai bayit 4, ka kai shi Linux mai bit 64, kowane rubutu ya zama bayit 8: fiksil ɗaya na gaskiya, ɗaya baƙi a gefensa, hoto ya miƙe ninki biyu, firogiram kuma ya faɗi a rabin hanya domin ya fita daga rumbu.

Sai tsawon layi. Faɗin hoto da tsawon layinsa a memori ba lallai su zo ɗaya ba, sau da yawa akan yi ciko a ƙarshen kowane layi. Fayil ɗin BMP yana cike kowane layi ya zama ninkin 4: hoto mai faɗin fiksil 101 da bayit 3 kowanne ya ba da 303, amma a fayil 304 ne. Ka yi watsi da bayit ɗayan nan, kowane layi ya zame kaɗan daga na samansa, hoto ya karkace. Laburaren zane na OpenGL ma yana ɗaukar cewa layukanka ninkin 4 ne sai ka gaya masa akasin haka da `glPixelStorei(GL_UNPACK_ALIGNMENT, 1)`. Gwajin da ke tona wannan: gwada hoto mai faɗin 100, sannan mai faɗin 101. Idan na farko ya yi kyau na biyu ya karkace, ba sai ka ƙara neman komai ba.

Kada ka ƙirƙiri tsawon layin da kanka, tambayi mai rumbun. A laburaren SDL sunansa `pitch`, a `/dev/fb0` na Linux sunansa `line_length`, kuma dukansu da bayit ake auna su, ba da fiksil ba. Wanda ya rubuta `(uint32_t *)pixels + y * pitch` ya taka ninki huɗu na abin da yake nufi. Hanya mafi aminci: matsa zuwa layin da manunin `uint8_t`, sannan ka mayar da shi `uint32_t` ka ƙara `x`.

Masu zane mai zurfi uku su ma suna da nasu. Jerin lambobin kusurwa na `GL_UNSIGNED_SHORT` ya tsaya a 65,535. Filin ƙasa mai ɗigo 300 sau 300 yana da 90,000, waɗanda suka haura iyaka su koma farko, ka ga dogayen tsinkaye sun taso daga ƙarshen fili zuwa farkonsa. Ko ka koma `GL_UNSIGNED_INT`, ko ka yanka filin gida-gida.

Mataki na shida: jerin bayit

Wannan ba girman mazubi ba ne, amma tare suke yawo. ESP32 da kwamfutarka suna ajiye ƙaramin bayit a gaba, allo mai ƙwaƙwalwar ILI9341 kuwa babban bayit yake jira tukuna ta wayar SPI. Ka tura rumbun yadda yake, 0xF800 ya isa a matsayin 0x00F8: ja sifili, kore 7, shuɗi 24. Ja ya zama shuɗi. Musanya bayit biyun kafin turawa, yawancin laburaren allo suna da saiti na yin haka. Idan kana shakka, rubuta 0x11223344 a farkon rumbu ka karanto shi bayit-bayit. A gdb, manhajar bin sawun kuskure, umarnin shi ne `x/8xb rumbu`. Ganin 44 33 22 11 na nufin ƙarami ne a gaba, kuma bayit huɗun da ke biye za su nuna maka ko rubutunka ya tsallaka inda bai kamata ba.

Mataki na bakwai: bar kayan aiki su yi maka gadi

Abin haushi a labarin allon masallaci shi ne kwamfaila ta ga kuskuren tun farko, bakinta aka rufe. Arduino IDE yana zuwa da gargaɗi a kashe. Shiga Preferences ka mayar da shi All, za ka ga ta nuna maka layin `320 * 240` da yatsa. A gcc da clang, sa `-Wall -Wextra -Wconversion`. Na ƙarshen surutu gare shi, a tsohon kod zai iya zubo gargaɗi ɗari, amma shi ne ke faɗa maka duk inda ake juye babban mazubi cikin ƙarami. Ni nakan kunna shi a fayilolin da ke taɓa hoto kawai.

Lokacin gwaji a kwamfuta, ƙara `-g -fsanitize=address,undefined`. `address` zai tsayar da firogiram a daidai layin da ya rubuta wajen rumbu, `undefined` ya kama tumbatsar lamba mai alama da turin bit da ya wuce iyaka. Ka sani ba ya kama zagayowar marar alama, domin a dokar C wannan halal ne. Idan kana son a kama ta, clang na da `-fsanitize=integer`.

A ƙananan na'urori babu wannan gata, sai dabarar hannu. Ware bayit huɗu kafin rumbu da huɗu bayansa, cika su da 0xAA, ka riƙa dubawa bayan kowane zane. Ranar da ɗaya ya canza, aikin da ya gabata shi ne mai laifi. Kuma ka tuna Uno bayit 2,048 kacal gare shi na aiki, alhali cikakken hoton 320 sau 240 a RGB565 yana cin 153,600. Ba zai shiga ba ko da wane nau'i ka ayyana shi, dole a riƙa turawa allo layi-layi. Ko a ESP32, duba abin da `malloc` ya dawo da shi kafin ka fara rubutu, domin wuri mai wannan girma a dunƙule ba kullum ake samunsa ba.

Kafin aiki ya bar shago, ina da gwaji ɗaya da ba na tsallakewa. Fiksil huɗu a kusurwa huɗu: ja a sama hagu, kore a sama dama, shuɗi a ƙasa hagu, fari a ƙasa dama, wato 319 da 239, adireshi mafi girma a allon. Sannan zanen toka-toka daga 0 zuwa 255 a kwance. Kusurwoyin na gwada adireshi da jerin bayit, zanen kuma na nuna ko launi na karyewa a 128.

Allon masallacin ya ci wannan gwaji, sai dai ya sake ba mu aiki kafin mu rataye shi. Ɗigo biyun da ke tsakanin awa da minti suna ƙyaftawa na rabin minti, sai su tsaya. Wannan karon yaron bai ambaci Ikeja ba. Ya sa agogon waya, ya ce, "Oga, daƙiƙa 32 ne da wani abu." Ya ajiye `millis()`, mai ƙirga lokaci tun kunna na'ura, cikin `int`, ita kuma dubu take ƙirgawa a kowace daƙiƙa, ta cika 32,767. Ya mayar da shi `unsigned long`. Shi ma wannan yana zagayowa bayan kwana 49 da awa 17. Da wutar NEPA ce kaɗai da ba zai taɓa ganin ranar ba, amma masallacin na da sola, don haka muka rubuta gwajin ta hanyar ragewa, `millis() - farko >= 1000`, wadda ke ba da amsa daidai ko mitar ta juya. Muka ɗaure shi a bango saura minti goma a kira Magariba.